Karon Kebbe da Ba a Yi Ba: Ta'aziyyar Ɗana Lauwali Ɗangiwa

Na Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. A ranar Talata, sha biyu ga Nuwamba, 1963, da la'asar, Allah ya karɓi ran ɗana Lauwali, wanda masu kallon dambe suka fi sani da Ɗangiwa. Kububuwa ce ta sare shi yana yankan dawa a gonarmu ta hanyar Jabo. An yi abin da za a iya, amma wa'adi ya riga ya cika.

Lauwali, ni malamin makaranta ne. Aikina in auna yaro in faɗi matsayinsa, kuma ba zan sauya mudu don kai ne ba. Masu zuwa gaisuwa suna cewa da ka rayu babu mai tsayawa gabanka a ƙasar Sakkwato. Wannan ƙauna ce ta yi magana. A kasuwar Kebbe kuwa ana cewa kaka biyu ka yi kana gudun Na'Allah, gwanin damben garin. Wannan ƙarya ce, kuma saboda ita na ɗauki alƙalami, don kada 'yarka Asma'u ta tashi ana ce mata 'yar matsoraci.

Dambe ba gadon gidanmu ba ne. Wajen kawunnanka mahauta ka ɗauko shi. Da na ga kalangu ya fi allo ƙarfi a zuciyarka, sai muka yi sharaɗi: ba za ka ɗaura wa kowa zare ba sai na ga wasansa, na yarda. Ka riƙe wannan sharaɗi har kabari.

Ga abin da na gani. Allah ya ba ka nauyi da tsawon hannu, kuma naushinka na dama, idan ya sauka, ba ya bukatar na biyu. Amma kana da aibi guda: duk lokacin da ka kai naushi, hannun garkuwarka yakan sauka, haɓarka ta zauna a buɗe. Ɗan damben nan Tambaya na Dogon Daji yana da zafin nama, sai dai ba shi da nauyin da zai hukunta ka. Na ce ka je, ka kuwa kai shi ƙasa a turmi na biyu. Abin da na fi tunawa ba kayen da ka yi masa ba ne. Ka bar makaɗa suna kiran sunanka, ka durƙusa kana zuba masa ruwa, sannan ka goya shi a kekenka har ƙofar uwarsa. Da ka rasu, ita ce ta fara isowa gidan nan gaisuwa daga Dogon Daji, a ƙafa.

Na'Allah daban ne. Bahago ne, mai haƙuri, ba ya ɓarnar naushi. Ƙofa irin taka yake jira. Na ce ba yanzu ba. Makaɗinsa ya zo har Tambuwal yana yi maka zambo, wai giwa ta hango bahago ta shige dawa. Ka shigo zaure ka same ni.

"Baba, cewa suka yi tsoro nika ji."

"Su faɗa. Garkuwarka ta daina faɗuwa tukuna."

"To, Baba."

Ba ka ƙara ba. Ba ka taɓa gaya wa kowa cewa ni na hana ba. Ka ɗauki zagin kai kaɗai, kana tashi da asuba kana gyara hannunka a jikin buhun gero.

Bana a Jabo ka kara da Ɗanmaliki, wanda ba ya gajiya. Turmi uku idona yana kan hannunka na hagu, bai sauka ba ko sau ɗaya. A hanyar gida na ce ka aika Kebbe. Aka sa rana: in an gama kai dawa rumbu.

Ranar addu'ar uku Na'Allah ya zo. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya zauna a gefen tabarma. Da jama'a suka ragu ya matso.

"Malam, an ce kai ba ka ƙarin gishiri. Da mun gamu da yaron ga, wa kaka gani?"

"Bara, kai. Kafin turmi na biyu ya ƙare."

"Bana fa?"

"Bana ban sani ba. Kai kana da idanu da haƙuri, shi yana da nauyi da ƙuruciya, kuma ya rufe ƙofar da kake jira. Da an tilasta mini, shi zan ɗauka, da kaɗan."

Ya yi ɗan murmushi. "Ina Jabo ran nan, Malam, bayan taro na laɓe. Tun ran nan matata ta ce cin tuwona ya ragu. Makaɗi na yi mai zambo, ni kau zawo nika ji!"

Na ce, "Ba ni ke bukatar jin wannan ba. Kebbe ce."

Ranar da aka sa ta zo, na je Kebbe. Na'Allah ya shiga fage da zare a hannu, ya sa aka kaɗa takenka, ba nasa ba. Sannan ya kwance zaren a gaban jama'a, ya ɗaga murya ya ce abokin karonsa na yau bai guje shi ba, Mai kowa ne ya riga shi kira, kuma duk wanda ya sake cewa Ɗangiwa ya ji tsoro, to, ya shigo ya ɗaura. Babu wanda ya shigo. Na tsaya har kiɗan ya ƙare, sannan na nemi inda zan zauna.

Allah ya jiƙanka, Lauwali, ya yafe kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya karɓi biyayyarka a matsayin garkuwa gare ka ranar da babu wata. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka Hadijatu, da matarka Kulu, da kawunnanka. Allah ya raya Asma'u, ya sa in ta girma a karanta mata wannan. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.

Malam Namadi, Tambuwal