Gatari a Kurmin Gude

Ina ɗan ƙarami a gidanmu na Gude, kakata Iya ce ke hura mana wuta bayan isha'i. Wutar tata kuwa ko fara ba za ta gasa ba. 'Yan ƙirare ne kawai, don Iya ba ta ƙona icen da aka sara. Al'adar garin ke nan a da: kurmin bayan gari, mai tsamiya da kanya da idon ruwa a tsakiya, ba a shigarsa da gatari. Abin da ya faɗo da kansa shi ne rabonka.

"Iya, wutar nan ai ita ma sanyi take ji," nakan ce.

"Maigidan banza, ko tsinke ba ka taɓa kawo wa matarka ba. Gyara zama."

Sai ta ɗauko labarin wani dutse can kudu, wanda daji ya lulluɓe har ƙololuwa. A nan gajimare ke kwana in ya gaji, bishiyoyi su tatse shi, ruwan ya gangaro wa mutanen ƙasa. Wani manomi ya ga inuwa ta tare masa gona, ya sare bishiya guda. Gajimare ya zo bai sami matashinsa ba, ya wuce. Washegari matar manomin ta dawo da tulu wayam.

"Sai me, Iya?"

"Sai ƙishi. Kai har wani ƙarshe kake nema?"

Shekarar da na shiga sakandare masu gawayi suka zo. Manyan gari suka yi gum. Babana ma ya wasa gatarinsa. Iya ta je bakin kurmin ta zauna yini guda. Masu gatarin suka durƙusa suka gaishe ta, sannan suka kewaye ta suka shige.

Baba ya kawo mata buhun gawayi. "Iya, wannan ba ya hayaƙi."

"A gindin tsamiyar nan da kuka ƙona na yaye ka, Sani. Ɗauke abinka."

Daga ranar ba wuta, ba tatsuniya, har Allah ya karɓi ran Iya.

Kwanan baya malaminmu a Kabo ya nuna mana hoton wani dajin kan dutse, da masu gadinsa, ya ce taskar duniya ce. Namu kurmin tsohuwa ɗaya ce mai gadinsa. Idon ruwan ya ƙafe. Yanzu ni ke tura kurar jarkoki daga rijiyar wani ƙauye, ina kauce wa kututture.