Furar da aka dama wa Landan

Matso kusa ki ji, ke da kika kama aikin girki jiya-jiya. Ban taɓa mantawa da ranar da aka sa ni dama fura za a kai Landan ba.

Lokacin shekarata tara ina girki a gidan Dakta, nan Tudun Wada. Ba na asibiti ba, daktan karatu ne, a jami'a yake koyarwa, nan unguwar Kongo. 'Yarsa Ummi tana aure a Landan, ga ciki ga kwaɗayi, kullum a waya kukan furar gida take yi. Bayan ƙaramar Sallah sai tafiyar taro ta kama shi can.

Ranar Litinin ya kira ni falo. "Lami, gobe da asuba ki dama fura da kindirmo, ki cika jarka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a kai mata garin furar mana, ta dama da kanta. Nono in ya daɗe a rufe kumbura yake yi."

Ya yi dariya, ya miƙo mini waya. Wani jan zare na gani a kan taswira, miƙe sambal daga Abuja zuwa Landan. "Awa shida da 'yan kai. Ke da iyakarki tashar Kwangila, me kika sani game da jirgi?"

Gaskiyarsa, ban san jirgi ba. Nono na sani. Kuma kunnena ya jiyo direba yana cewa da asuba za su bar gida, jirgin sai yamma, kuma mai araha ne, sai ya yada zango a wata ƙasa an jira wani. Zaren wayar bai lissafa wannan ba. Na dama, na ɗaure da leda uku. Shi da hannunsa ya cusa jarkar tsakanin manyan rigunansa.

Laraba da la'asar ya bugo, matarsa Hajiya ta saki muryar wayar kowa na ji. Jarka ta fashe. Akwati ya fito yana ɗiga, Turawa na toshe hanci, karen ma'aikata ya ƙi barin wurin. Rigar da zai hau mumbari da ita tsami kawai take yi.

"Lami ce ba ta iya rufe murfi ba! Kafin in dawo ta tattara kayanta!"

Marayu uku nake ciyarwa da aikin nan. Na kalli Hajiya, don tana zaune lokacin da na yi maganata. Ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Ba shi haƙuri kawai, Lami."

Na karɓi waya na durƙusa. Mutum yana bayan teku, ni ina nan ina durƙusa wa waya! Na ce kuskurena ne. Ya yi gyaran murya, ya ce ya yafe, amma a riƙa jin maganar masu ilimi.

Ranar na gane aikinmu ba girki kaɗai ba ne, har da ɗauke wa maigida laifinsa, don bakinsa ba ya iya cewa "ni ne." To ke, in ranarki ta zo, gwiwarki za ta iya kai ƙasa?