Dutsen Niƙan Mama Hissa

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da Duktur ya shigo kicin ya same ni durƙushe ina niƙan alkama. Abin bai daɗe da faruwa ba, har yanzu in an buga ƙofa da ƙarfi sai gabana ya faɗi. Anti Balki ce ta ce in rubuta saboda ku sababbin zuwa da ke sauka ɗakinta a unguwar Manfuha nan Riyad, ku san ba wanki da girki kaɗai ke cikin aikin nan ba.

Ni 'yar Tasawa ce, ina gama kolej na zo Riyad. Kafilina, wato wanda iƙamata, takardar izinin zamana, ke ƙarƙashin sunansa, malamin tarihi ne da ya yi ritaya, kowa Duktur yake ce masa. Aikina shi ne kula da mahaifiyarsa, Mama Hissa, tsohuwa mai ciwon gwiwa, amma bakinta lafiya lau.

Duktur yana da ciwo shi ma. Kakansa ya taɓa ba shi labarin wata mahaƙar zinariya ta mutanen da, a gefen tsohuwar hanyar ayarin alhazai, yamma da Riyad, wadda rairayi ya binne. Duk mako yana cikin littattafan matafiya yana ɗiga jan biro a taswira, ko yana wajen tsofaffin makiyayan raƙuma yana tambaya. In sanyi ya shigo, kowace Asabar sai mu fita daji. Shi ya kama sanda ya ɓace tsakanin duwatsu, ni da Mama mu shimfiɗa darduma a inuwa ina dafa gahawa. Direbanmu Malam Isufu, mutumin Damagaram, shi kuma ya kwantar da kujera ya yi barci.

Wata Asabar gas ya ƙare mana shinkafa na kan wuta. Na ce ai wannan ba matsala ba ce, na je neman duwatsu uku in kafa murhu kamar a gida. A nan na ga wani faffaɗan dutse mai kwarmi a tsakiya, rabinsa cikin ƙasa, ga ɗansa a gefe. Kamar na kakata sak. Mama ta hango daga inda take.

"Ya binti, wannan ai dutsen niƙa ne. Sa mana a mota."

Dama ta daɗe tana mitar cewa injin lantarki ya kashe daɗin jarish, ɓarzajjiyar alkamar da suke dafawa da nono. Malam Isufu ya ɗauka ya tura ƙarƙashin darduma a bayan mota. Da yamma Duktur ya dawo da ƙura har gira, ya ce yau ma babu komai.

Har sanyi ya kusa fita muna niƙa a dutsen nan. Duktur kuwa kullum sai ya ƙara faranti, yana cewa jarish ya dawo irin na ƙuruciyarsa. Ba ya shiga kicin. Ranar da ya shiga, neman tabaransa ya kawo shi. Ya tsaya a kaina ya ƙura wa dutsen ido, har na ɗauka wani ciwon ne ya kama shi.

"Rakiya, ina kika samo wannan?"

"A daji, Duktur. Mama ce ta ce..."

Ya zauna a ƙasa da farar jallabiyarsa. Ya yi mini bayani a hankali, kamar a aji. Masu haƙar da can sukan farfasa farin dutse, su niƙe shi a kan irin wannan, su wanke garin su tace zinariya. Inda duk aka ga dutsen, ramin yana kusa. Abin da yake nema ke nan tun kafin a haife ni. Sannan ya faɗi mafi muni: a ƙasar nan doka ta hana ɗaga kayan tarihi daga inda suke, akwai tara, akwai ɗauri. Dole ya kai rahoto ga hukuma, kuma tambayarsu ta farko ita ce daga ina, ta biyu wa ya ɗauko.

Ku kun san abin da wannan ke nufi ga baƙuwa. Tarhil, a sa ki jirgi da jaka ɗaya. Ga iƙamata ta kusa ƙarewa, sai da sa hannunsa za a sabunta. Na shiga ɗaki na haɗa kayana ina kuka.

Matsalar ita ce ba wanda ya san wurin. Mun zauna wurare da yawa, kuma dajin nan duk kamarsa ɗaya. Malam Isufu ya ce, "Ni dai umarni aka ba ni, kuma ban gama farkawa ba lokacin." Mama ta ce ita abin da ta tuna shi ne shinkafar ranar ta yi ƙauri. Ni ce na ce a nemi murhuna. Larabawa in sun hura wuta zagaye suke yi da duwatsu da yawa, ni kuwa uku na kafa.

Haka muka koma bin wuraren ɗaya bayan ɗaya. Duktur da littattafansa duka ya koma neman murhun 'yar Tasawa. Wata Asabar da hantsi na hango duwatsun murhuna gindin wata ƙaya, uku, baƙi ƙirin. Na diro daga mota da gudu, na wuce su zuwa inda na tono dutsen, ina nuna masa da hannu. Ban rufe baki ba ƙasa ta buɗe.

Na nutse har ƙugu. Ƙafata ɗaya tana lilo a iska, ina jin rairayi na zubewa ƙarƙashina, ba na jin inda yake sauka. Wani sanyi yana hurowa daga ƙasa. Ko ihu ban iya ba, sai salati. Malam Isufu ya warware rawaninsa ya wurgo mini. Duktur, da na ɗauka ramin zai fara dubawa, ya yar da sandarsa ya kwanta rubda-ciki ya kama ɗaya bakin, su biyu suka ja ni kamar buhun gero. Ina fitowa wurin ya rufta, baƙin rami ya bayyana, zai haɗiye mota. Takalmina na hagu ya tafi.

Mama ta rungume ni, ta leƙa ramin ta ce, "To, shi ke nan. Takalminki ya zama kayan tarihi, kar wanda ya taɓa."

Mutanen hukuma sun zo gida bayan sun kewaye wurin da waya. Babbansu ya ɗaga dutsen, ya sunsuna, ya dubi Duktur. Sai ya tambaya wa ya ɗauko. Ina bayan labule riƙe da tire. Kafin Duktur ya yi magana Mama ta ɗaga murya daga ɗakinta.

"Ni ce, ya waladi. Rubuta Hissa. In ɗauri ne, a nemo mini ɗakin da ba matakala."

Mutumin ya yi dariya, ya yi rubutunsa, ya sha gahawa, suka tafi da dutsen. Duktur ya rantse mahaƙar kakansa ce, su kuma sun ce sai sun bincika. A makon aka sabunta mini iƙama.

Abin da na koya shi ne masu neman abin da ya ɓace ba sa gaya wa mai girki kamanninsa, don haka ku tambaya kafin ku ɗaga ko tsakuwa a dajin mutane. Kuma ba a sanin uwar ɗaki sai ranar da aka ce wa ya yi. Mama har yau tana mita. Ta ce tun da aka ɗauke dutsen ta daina cin zinariya, gwiwarta ta dawo da ciwo. Ni kuwa in mun fita, cikin mota nake dafa gahawata.