Harsashi Uku a Farantin Takarda

Ni dai makaranta aji huɗu na yi, na huɗun ma rabinsa a bakin rafi na yi shi, don haka wanda ya zo neman ilimi a wannan rubutu ya yi haƙuri ya wuce gaba. Abin da na tashi da shi harbi ne. Mahaifina maharbi ne, da adaka yake shiga daji, ni ke riƙe masa gorar ruwa tun ban kai tsawon bindigar ba. Da Allah ya jefo ni ƙasar nan ta Amurka na yi shekara da shekaru ina gadin wani sito a Laurel, abin da ya hana ni haukacewa shi ne barewar Maryland. Duk ƙarshen kaka sai in ɗauki hutu, in ari bindigar wani abokin aiki, in shiga daji can wajen duwatsu. Na kan dawo da nama, in raba wa mutanenmu har Landover, su yi ta yi mini kirarin da ban cancanta ba, ni kuma ina karɓa.

Sai bara waccan na harbi wata na same ta a cinya. Na bi jininta tun hantsi har la'asar ban gan ta ba. Dabbar Allah ta je ta mutu a wani kwazazzabo, ba yanka, ba bisimilla. Na dawo gida na ce laifin bindigar aro ne, ƙotarta ta yi mini tsawo. Na faɗa sau da yawa har ni ma na yarda.

Shi ya sa na je wurin wani maƙerin bindiga Bature, ya auna hannuna da kafaɗata kamar tela, ya ƙera mini tawa ta kaina. Wata tara ina jira. Da ta iso, ƙotar itace ce mai duhu, mai santsi, in ka ɗora ta a kafaɗa sai ta zauna kamar an haife ku tare. Ya haɗa mini da kwalin harsashi ashirin da ya ɗura da hannunsa, ya ce wannan bindiga su ta sani, kada in ba ta na kanti.

'Yata ta fari, wadda ban faɗin sunanta, nas ce a Silver Spring. Ta zo ta duba bindigar sama sama, ta tsaya kallon hannuna da ke riƙe da kofin shayi yana ɗan motsi, ta daɗe tana kallo.

«Baba, ba zan hana ka ba,» in ji ta. «Amma ka je filin gwaji. Yadi ɗari, farantin takarda, harsashi uku a jere. In duka ukun sun shiga, Allah ya ba da sa'a. In ba su shiga ba, bindigar nan ta tafi akwatin ƙarfen gidanmu, kai kuma ka huta da daji.»

Na ce da ita ni da nake harbin zomo a guje tun uwarta ba ta yi haƙori ba, faranti za a kafa mini? Ta ce eh, faranti. Kuma mijinta ne zai zama shaida. Na amsa, don a gaban jikoki aka yi maganar.

Mijin nata injiniya ne, mutumin Zariya, mai kunya irin ta da. Shekara goma sha ɗaya yana auren 'yata bai taɓa cin abinci a gabana ba, bai taɓa haɗa ido da ni ba. In na ce rana daga yamma take fitowa sai ya ce, «Haka ne, Baba, wani lokacin.» Na ji daɗi da aka ce shi ne shaida. Ban san a nan matsalar take ba.

Ranar Talata muka zauna a falona muka ɗora wa bindigar madubin hange. Shi ya kawo ɗan ma'aunin nan mai ruwa a ciki don kada madubin ya karkace, ya ɗaure kusoshi ɗaya bayan ɗaya da lissafi. Ni kuma na ɗora kunci a ƙota ina matsar da madubin gaba da baya har na ga da'irar ta cika, da tazarar yatsa huɗu tsakaninsa da girata, don na taɓa ganin wanda madubi ya fasa wa goshi. Muka zare abin ɗurin, na leƙa ta cikin bututun na saita shi da mariƙin ƙofar maƙwabci, sannan muka juya madubin ya dace da wurin. Allah ya sa maƙwabcin bai leƙo ba.

Laraba da safe muka tafi filin, tafiyar awa guda, ana sanyin da ke shiga ƙashi. Washegari ranar bikin Amurkawa na cin talotalo ce, ko'ina a rufe har da shagon maƙerin, Asabar kuma ake buɗe farauta. Wato harsashi ashirin ɗin nan su ke nan, babu ƙari.

A yadi ashirin da biyar na harba biyu, na ga hujinsu da idona, kusa da tsakiya. Na dubi injiniya na ce ya shaida. Ya ce ya shaida. Muka koma teburin yadi ɗari, ya je ya manna farantin a tsakiyar wani babban kwali, na jera buhunan yashi, na kwantar da bindiga. Daga nan idona ba ya iya ganin huji ko ta madubi. Shi ke da babban madubi mai ƙafa uku, shi zai gaya mini inda harsashi ya faɗa, ni kuma in juya. Ƙa'idar mai sauƙi ce, ko mai aji huɗu ya riƙe ta: maɓallin madubi ya yi ƙas sau huɗu, harsashi ya matsa inci ɗaya.

Na harba uku.

«Ina suka faɗa?»

«Sun kusa, Baba. Masha Allah.»

«Kusa nawa?»

«Sun ɗan yi sama kaɗan. Kamar yatsa biyu.»

Na juya na yatsa biyu. Muka jira bututu ya huce, na sake uku. Ya ce sun fi na ɗazu. Na ce ta ina? Ya ce ta ko'ina. Na ƙara juyawa kaɗan. Mai kula da filin, wani ƙaton Bature mai jar hula, ya busa usur aka ajiye bindigogi don a je duba takardu. Na yunƙura zan tashi, injiniya ya riga ni.

«Haba Baba, ka zauna, ina nan za ka taka har can? Ga sanyi.»

Ya tafi da sauri, ya dawo ya ce ya liƙe hujin da salatif don kada su ruɗe mu. Na ce Allah ya yi albarka. Na sake uku, na sake wasu uku. Kowane karo amsar ɗaya ce da sabon kaya: sun kusa, sun matso, ɗaya ma kamar ya shafi baki. Ina ta juya maɓalli kamar mai neman tashar rediyo.

Na leƙa kwalin harsashi na ga saura shida. Uku na jarrabawa ne, ba a taɓa su. Na dubi surukina. Ya cire ido daga madubi yana kallon takalminsa, ga gumi a goshinsa cikin wannan sanyi. Da aka sake busa usur na tashi na kama hanya. Ina jin takunsa a bayana yana cewa, «Baba, Baba, da ka bari.» Yadi ɗari ba nisa ba ne, amma ranar ya yi mini tsawo.

Farantin fari fat, kamar yanzu aka fito da shi daga leda. Salatif da sababbin huji kuwa ga su can sama ta hagu, mafi kusa ya kai taki guda daga tsakiyar faranti, kuma a warwatse, wani nan wani can, kamar kaji sun yi tonon tsaba. Na ƙirga goma sha ɗaya. Na sha biyun ko kwalin bai samu ba.

Na juya na dube shi. Sannan na ce, «Injiniya, yatsun Zariya haka suke da faɗi?»

Bai yi dariya ba. Ya durƙusa a kan ciyawa mai raɓa, a gaban Turawa, ya ce, «Baba, ka gafarce ni. Bakina ne ya kasa.»

«Tashi, kada su ɗauka zan yanka ka. Ka san abin da ka yi? Ka cinye mini harsashi goma sha biyu da ladabi. In da na shiga daji da wannan saiti fa? Wata dabbar zan sake raunatawa.» Na ja numfashi. «Daga yanzu har mu bar filin nan ba ni da suruki. Abin da ka gani shi za ka faɗa, ko da zai sa in yi kuka.»

Ya ce to. Ya ciro ma'auni daga aljihu, ya auna tsakiyar hujin harbin ƙarshe zuwa tsakiyar faranti, ya yi lissafinsa, ya ce ƙas talatin da biyu ƙasa, goma sha shida dama. Muka koma na juya ina ƙirgawa da ƙarfi. Na ce ya zauna ya harba ɗaya, mu san ko bindiga ce ko mutum. Ƙotar ta yi masa gajarta, ya takure kamar mai hawan keken yara, amma harsashin ya faɗa yatsa ɗaya daga tsakiya. Na duba da babban madubin da kaina. Bindiga ba ta da laifi. Saura biyar.

«Baba, bari in ɗura maka,» in ji shi. Na bar shi, ina goge tabarau. Na kwanta a kan ƙota, na saita, na ja kunama. Sai na ji ƙyas, babu ƙara. Amma bakin bindigar ya yi tsalle ya bar buhu, kafaɗata ta zabura, idanuna duka biyu a rufe. Bai sa harsashi ba, da gangan.

«Ka gani, Baba?» in ji shi. «Kana tsoron dukanta. Kafin ta tashi ka riga ka fizge. Tun harbin farko nake gani.»

Shekara sittin da wani abu ina harbi, ba wanda ya taɓa ce mini ina tsoro. Na buɗe baki zan tuna masa ko ni wane ne, sai na tuna ni na sa shi. Na ce, «To, malam, sai a koya mini.»

Ya sa na ja kunama babu harsashi ya fi sau ashirin, a hankali, ina sakin rabin numfashi, ido a buɗe. Ya naɗe rigar sanyinsa ya sa mini a kafaɗa, shi ya tsaya da 'yar shara yana karkarwa. Na harba biyu na gwaji. Ɗaya ya shiga, ɗaya ya fita ta ƙasa, kuma haka ya faɗa mini, ba ƙari. Aka busa usur, ya je ya manna sabon faranti.

Saura uku. Na yi bisimilla. Hannun hagu na ɗan motsi, na danne shi a ƙarƙashin buhu. Farantin a madubi bai fi kwabo ba, layukan saiti suna yawo a kansa tare da bugun zuciyata. Na jira suka lafa, na matsa.

«Ya shiga. Ta dama, amma ya shiga.»

Na jira minti biyar cur bututu ya huce. Na biyu ya fi na farko kyau, ya ce kusa da tsakiya. Na ɗura na ƙarshe da hannuna. Ina kwance a kan ƙota sai ga barewar bara waccan a raina, yadda ta ja ƙafa ta shige ƙaya. Na ɗaga kai, na sake kwanciya. Na saki numfashi. Ban san lokacin da bindigar ta tashi ba, wanda aka ce haka ake so.

Injiniya ya daɗe da ido a madubi.

«Yi magana mana.»

«Baba, ya fita.»

Muka taka tare. Hujin na ukun yana kan kwali, ƙasa da bakin faranti, tsakaninsu bai fi faɗin ƙwayar gyaɗa ba. Na sa ɗan yatsa na rufe tazarar. Na ce da shi farantin Amurka ƙanana ne, a garinmu wannan murfin kwano ne. Na ce takarda tana motsi da iska. Na ce ai yanzu an gama harbi, surukuta ta dawo, yana iya komawa yadda yake da safe, ba zan ji haushi ba.

Ya dubi ƙasa kamar kullum. «Baba, biyu ne.»

A mota wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya dube ni. Na miƙa hannu na karɓa.

«Yaya aka yi?» in ji 'yata, tana zaton mijinta ne.

«Ni ne. Biyu suka shiga.»

Ina jin hayaniyar asibiti a bayanta. Na san in na roƙa za ta iya sassautawa, ita ma ta san na sani. Ban roƙa ba.

«Sannu, Baba,» ta ce a hankali. «Ka ci abinci kuwa?»

Ba mu bi ta Laurel ba, kai tsaye muka wuce Silver Spring. Na share bututun da kaina a teburin girkinsu, na shafa wa ƙotar mai, na sauka da bindigar ƙasan gidan na jingina ta a akwatin ƙarfe. Injiniya ya tsaya a bakin matakala ya ƙi matsowa, sai da na ce masa ya zo ya kulle abinsa, ni ban san lambobin makullin ba kuma kada ya gaya mini.