Kilo Goma Sha Ɗaya na Takardun Baffa

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da abokiyar sana'ata, abu uku a hannuna: kwana huɗu a Jidda, kilo arba'in da shida da jirgi ya yarda in ɗauko, da saƙon dangi cewa kada in dawo sai da Baffa. Ƙanin mahaifina ne, ya tsufa a can, kuma tun da aka rushe Karantina, unguwar da ya zauna cikin Hausawa, shi kaɗai yake zaune.

Kwana biyu na farko a kasuwar Bab Makka suka ƙare. Zafin Jidda da gumi yake zuwa, ko a inuwa. Abaya ta yi tsada, turare ya ɗan sauka. Mai shagon da nake sara a wurinsa jikan Bakano ne, ina yi masa Hausa yana amsa min da Larabci, sai na taya ƙasa sosai Hausarsa ke dawowa.

Rana ta uku muka hau tasi zuwa Khumra, inda Baffa ya koma. A hanya direba ya nuna wani fili fetal da haɓa, ya ce Karantina ke nan. Daga nan sai manyan motoci da ɗakunan ajiya.

Na sami Baffa a ɗaki ɗaya bayan wani gareji. Kan tabarmarsa akwai littafi mai kauri na Larabci, gefe kuma tarin littattafan rubutu irin na 'yan makaranta. Na tambaya. Ya ce mai kaurin fassarar labarin wani marubucin Danmark ne, wani ma'aikacin jirgin ruwa ya fara ba shi labarinsa sa'ad da yake aiki a tashar ruwa. Wai mutumin ya ƙarar da rayuwarsa yana rubuta 'yan ƙasarsa yadda suke, manomi da rowarsa, malamin coci da zafin ransa, ba ya yi wa kowa kwalliya.

"Ya daɗe da mutuwa, 'yar nan, amma na san ƙauyensu kamar na kwana a ciki. Mu kuwa jiya aka rushe mu, har an fara musun inda gidan burodi yake."

Shi ya sa ya zauna yana rubuta Karantina da ajami, gida bayan gida.

Na kawo maganar iƙama, takardar izinin zama, na kawo ta tsufa, na kawo ta jikoki. Ya ce saura layi biyu na unguwar bai rubuta ba, kuma masu tuna su a Jidda suke, ba a Kano ba. "Halas, magana ta ƙare. Amma ki tafi min da littattafan da na gama."

Hannuna da kansa ya zaro sikeli daga jaka, na rataya su. Kilo goma sha ɗaya.

"Unguwa guda kika auna, Hajiya," in ji shi yana dariya.

Na buɗe ɗaya don in ga ko ya kai a bar abaya saboda shi. Sai ga mahaifina, shekarar da ya zo Hajji: gidan da ya sauka, yadda yake cika baki, yadda ya yi kuka ranar tafiya. Haka yake, ba ƙari. Ban sake tambaya ba. Washegari na mayar wa jikan Bakano abaya kilo goma sha ɗaya.

Da muka sauka Kano dangi suka yi ta leƙen bayana. Baffa dai ban kawo ba, kaya sun ragu, masu oda biyu sun yi fushi. Abin da na kawo shi ne unguwar da babu ita, da mahaifina a ciki. Shekara ashirin ina auna kaya, wannan ne karo na farko da sikeli bai gaya min darajar abu ba.