Tafin Ƙafar Mma Ditiro

A cikin kwalekwale aka haifi Mma Ditiro, wato uwar Ditiro, a tsakiyar fadamar Okavango, kuma tun daga ranar ba ta taɓa amincewa da busasshiyar ƙasa ba. Ta tsufa tana ratsa ruwa iya ƙugu, tana lalubo saiwar bado da yatsun ƙafa. Ba ta taɓa ɓata ba. Ruwa ne ke shafar ƙwaurinta yana gaya mata inda ya dosa. Laka mai sanyi da yashi mai ɗumi, duk unguwanni ne a wurinta.

Da auren jikarta Goitseone ya tashi a garin Maun, amarya ta aiko cewa in babu badon kaka a tukunyar nama, ita ba za ta ci komai ba. Ta haɗo da sabon takalmi, ja.

Tsohuwa ta sauka daga mota, kwando a ka, takalmi a ƙafa. Ta bi wannan layi ta bi wancan, katangu duk iri ɗaya. Rana ta take, tukunya na jira. Da ta sake giftawa ta gaban wani dattijo mai gyaran keke, ya ce, "Iya, ni kike wa zarya? Ki fito fili, ina da keke har biyu."

"Da waɗannan haƙoran? Dorina ta fi ka kyan dariya. Ina kogi?"

"Biki za ki ko wanka?"

"Nuna mini dai, sarkin surutu."

Ya nuna mata, ta gangara. Ta tuna gidan ɗanta Ditiro, inda ake bikin, yana bakin kogin nan na Thamalakane, ta taɓa zuwa a kwalekwale. Ta cire takalmin, ta tattare zani, ta shiga. Ruwan daga gida ya gangaro, ya san ta. Ta bi shi tana waƙa ƙasa-ƙasa.

Dangi na ƙofar gida suna leƙen titi, sai ga ta ta bayansu daga wajen kogi, laka har gwiwa.

"Kaka!" in ji amarya, dariya na neman kayar da ita. "Ina takalmin da na saya miki?"

"Yana cikin kwando. Bai san hanya ba, shi ne na ɗauko shi."

Nama bai gama nuna ba aka zuba bado. Amarya ta ci har ta nemi ƙari.