Madubin da Bishiya ta Haɗiye

Mai fenti yana tsaye da gwangwanin jan fenti, ya kasa ɗaga buroshi. Aikinsa shafa alama a kan duk abin da za a kawar don gina sabuwar tashar jirgin ƙasa na cikin gari, yau kuma layin ya biyo ta kan wata bishiya.

A gindinta akwai wani dattijo mai aski, siriri, sanye da farar riga wadda wanki ya cinye wuyanta. Yana tallafe da kan wani mutum kamar mai riƙon ƙwai, almakashi na ta ƙyas-ƙyas. Madubinsa na kafe a jikin bishiyar, ɓawonta ya yi girma har ya haɗiye gefunan katakon. Mai fenti yana ayyanawa a ransa, wataƙila da baƙin gashi mutumin nan ya fara duba fuskarsa a ciki, wataƙila da wannan almakashin ya ciyar da gida guda.

"Baba, an dai faɗa muku ko?"

"An faɗa, ɗana." Ya kaɗe gashi daga kafaɗar mutumin. "Kujera zan iya ɗauka. Wannan kuwa na gwada, ya ƙi fita, sai dai ya fashe."

Ya ciro tsumma ya goge madubin tas.

"Yi aikinka. Amma don Allah shafa ta baya, kada masu zuwa aski su riƙa ganin ja a saman kansu."

Mai fenti ya zagaya ta baya. Iyakar alfarmar da ke hannunsa ke nan.